Kamfanin IHG da alƙawarin rage hayaƙin otal-otal

A farkon shekarar 2025, kamfanin InterContinental Hotels Group, wanda aka fi sani da IHG, ya shaida wa masu hannun jarinsa cewa bai kama hanyar cika alƙawarin da ya ɗauka na rage hayaƙin da ke ɗumama yanayi ba.

Kamfanin, wanda ke cikin manyan kamfanonin otal-otal na duniya, ya yi alƙawari ne a 2021 cewa zuwa shekarar 2030 zai zabtare kashi 46 cikin ɗari na hayaƙin da otal-otal ɗinsa ke fitarwa, idan aka kwatanta da na 2019.

Amma rahotonsa na shekarar 2024 ya nuna cewa maimakon hayaƙin ya ragu, ƙaruwa ma ya yi da kashi 7.2 cikin ɗari.

Dalilai biyu kamfanin ya bayar: na farko yawan sababbin otal-otal da yake buɗewa, na biyu kuma ƙarancin wutar lantarki mai tsafta a da yawa daga cikin ƙasashen da yake harka.

Wane ne IHG?

Hedkwatar kamfanin tana garin Windsor na Ingila, ana kuma sayar da hannun jarinsa a kasuwar London.

A ƙarshen 2024 yana da otal-otal sama da 6,600 a ƙasashe fiye da 100, masu ɗakuna kusan 990,000. A ƙarshen 2019 kuwa ɗakunan kimanin 880,000 ne.

Sunayen da ke ƙarƙashinsa sun haɗa da InterContinental da Holiday Inn da Holiday Inn Express da Crowne Plaza da Kimpton da voco. Alhazan da suka san otal ɗin Dar Al Tawhid da ke dab da Harami a Makka sun san ɗaya daga cikinsu.

Kamfanin jiragen sama na Pan Am ne ya kafa InterContinental a 1946, shi kuwa Holiday Inn wani ɗan kasuwa ne mai suna Kemmons Wilson ya buɗe na farkonsa a birnin Memphis na Amurka a 1952. Wani kamfanin giya na Birtaniya, Bass, shi ne ya saye su ya haɗe su wuri guda, kafin IHG ya tsaya da ƙafafunsa a 2003.

Daga nan ne kamfanin ya shiga sayar da gine-ginensa. A 2015 kaɗai ya rabu da manyan otal-otal ɗinsa na Paris da Hong Kong, ko da yake a lokacin sun ci gaba da amsa sunansa.

Ƙasa da kashi 1 cikin ɗari na ɗakunan da ke ɗauke da sunayen IHG ne mallakarsa. Wannan ne abin da ya kamata mai karatu ya riƙe, domin kusan dukkan wahalar da kamfanin ke sha a batun hayaƙi daga nan ta samo asali.

Mai suna daban, mai gini daban

Ta hanyoyi biyu manyan kamfanonin otal-otal ke samun kuɗinsu.

Ta farko ita ce kwangilar gudanarwa. Wani ne ke gina otal da kuɗinsa, sai ya miƙa wa kamfanin ya tafiyar masa da shi, yana biyansa lada. Misalin da aka sani a Najeriya shi ne otal ɗin Transcorp Hilton na Abuja, wanda mallakar kamfanin Transcorp Hotels ne, amma kamfanin Hilton na Amurka ke gudanar da shi.

Ta biyu kuwa ita ce hayar suna. A nan mai ginin shi ke ɗaukar ma'aikata, shi ke biyan kuɗin wuta, shi ke gyara idan wani abu ya lalace. Abin da yake saye daga kamfanin shi ne sunan, da tsarin kama ɗaki ta intanet, da kuma baƙin da sunan ke jawowa.

Sama da kashi 70 cikin ɗari na ɗakunan IHG suna ƙarƙashin hayar suna ne, sauran kusan duka na kwangilar gudanarwa ne.

Ma'anar haka ita ce, idan ana so a cire tsohuwar tukunyar dafa ruwa mai aiki da gas daga wani otal na Holiday Inn, ko a sauya tagogi, ko a ɗora farantan sola a kan rufi, ba daga aljihun IHG kuɗin zai fito ba. Mai ginin ne zai biya, kuma sau da yawa ɗan kasuwa ne mai otal ɗaya ko biyu da bashin banki a wuyansa.

Kamfanin na iya tilasta wa masu gine-gine ta hanyar ƙa'idojin da ke cikin kwangila, kuma ya yi hakan a ƙananan abubuwa kamar fitilu masu ƙarancin cin wuta. Sai dai idan ya tsananta, mai ginin na da zaɓin jiran kwangila ta ƙare ya rataya sunan wani kamfanin. Idan aka yi haka hayaƙin ya fita daga littafin IHG, amma bai fita daga sararin samaniya ba.

Daga ina hayaƙin otal ke fitowa?

Otal ba ya rufewa. Dare da rana ana sanyaya ɗakuna ko ɗumama su, ana dafa ruwan wanka, ana wanke zannuwan gado da tawul, ana girki, firji da lifta na aiki, ko da rabin ɗakunan babu kowa.

Mafi yawan makamashin yana tafiya ne wajen daidaita zafi da sanyi da kuma ruwan zafi.

Akwai tsarin lissafi da kusan dukkan manyan kamfanonin duniya ke bi, wanda aka fara wallafawa a 2001, ya kuma kasa hayaƙin kamfani gida uku.

Rukuni na ɗaya shi ne abin da aka ƙona a cikin harabar kanta: gas ɗin girki da na dafa ruwa, man dizal na janareta, da kuma iskar da ke yoyo daga na'urorin sanyaya ɗaki. Wannan ta ƙarshe ba ta da yawa a ma'auni, amma wasu nau'o'inta sun ninka iskar kabon wajen riƙe zafi har kusan sau 2,000. Saboda ita ne ƙasashen duniya suka cim ma yarjejeniyar Kigali a 2016.

Rukuni na biyu shi ne hayaƙin da tashar wutar lantarki ta fitar wajen samar da wutar da otal ya saya.

Rukuni na uku kuwa shi ne duk sauran abin da ya rataya ga harkar amma ba ya hannun kamfanin kai tsaye. A nan ne otal-otal na hayar suna ke faɗawa.

Rukuni na biyu ne ya fi bayyana abin da kamfanin ke nufi da ƙarancin wuta mai tsafta. Otal biyu na iya zama iri ɗaya sak, su ci wuta daidai wa daida, amma hayaƙinsu ya bambanta ninki-ba-ninki saboda inda aka gina su.

A Faransa mafi yawan wutar daga tashoshin nukiliya take, a Norway kuma daga madatsun ruwa. Birtaniya ta rufe tashar kwal ɗinta ta ƙarshe a watan Satumban 2024.

A China kuwa, wadda ita ce kasuwar IHG mafi girma bayan Amurka, fiye da rabin wutar daga kwal ake samo ta. A Indiya kimanin kashi 70 cikin ɗari ne, a Afirka ta Kudu ma ya haura haka. Saudiyya ta dogara ne kusan kacokan ga gas da ɗanyen mai, ga kuma zafin da ke sa na'urorin sanyi aiki ba hutu.

To waɗannan yankuna na Asiya da Gabas ta Tsakiya suna cikin wuraren da kamfanin ke ƙara buɗe otal-otal da sauri.

A inda wutar gwamnati ba ta tsayawa, kamar yawancin biranen Najeriya, otal na komawa ga janareta ne, kuma kowace lita ɗaya ta dizal da aka ƙona tana fitar da kimanin kilo 2.7 na iskar kabon.

Me ya sa kashi 46?

Adadin ba daga ka aka tsinto shi ba.

A yarjejeniyar Paris ta 2015, ƙasashen duniya sun amince su hana ƙaruwar zafin duniya kaiwa digiri 2 a ma'aunin Selshiyos, su kuma yi ƙoƙarin tsayar da ita a digiri 1.5, bisa yadda take kafin bunƙasar masana'antu.

A 2018 kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce idan ana son tsayawa a digiri 1.5, sai an rage iskar kabon da kimanin kashi 45 cikin ɗari zuwa 2030 bisa ga ta 2010, sannan zuwa wajen 2050 a kai matakin da abin da ake fitarwa bai wuce abin da ake janyewa daga sama ba.

Wata ƙungiya mai suna SBTi, wadda aka kafa a 2015 da haɗin gwiwar cibiyoyi huɗu, ciki har da asusun kare namun daji na WWF da wani shiri na Majalisar Ɗinkin Duniya kan 'yan kasuwa, ita ce ke fassara wannan buri zuwa abin da kamfani guda zai yi.

Ɗaya daga cikin ƙa'idojinta shi ne kamfani ya riƙa rage kashi 4.2 cikin ɗari na hayaƙin shekarar da ya ɗauka ma'auni, kowace shekara. Daga 2019 zuwa 2030 shekara 11 ne, idan aka ninka sai a sami 46.2. Shi ya sa ake ganin wannan adadi a alƙawuran kamfanoni da dama da ba su da wata alaƙa da juna.

An ɗauki 2019 ne domin ita ce shekara ta ƙarshe kafin annobar korona. A 2020 hayaƙin otal-otal ya faɗi warwas saboda an kulle ƙofofi, abin da ba za a kira shi nasara ba, kuma ya dawo da baƙi suka dawo.

Ƙungiyar ta SBTi ba ta yarda kamfani ya cike gurbin wannan ragi ta hanyar biyan wasu su dasa itatuwa a madadinsa ba. Dole ragin ya fito daga harkar kanta.

Idan aka ɗauki hayaƙin IHG na 2019 a matsayin 100, to 54 ake so ya koma a 2030. A 2024 yana kan 107. Wato sai ya zubar da kusan rabin hayaƙinsa cikin shekara 6, alhali a ƙarshen 2024 yana da ƙarin otal-otal sama da 2,000 da aka sa hannu a kan kwangilarsu suna jiran buɗewa.

Jimla ko ɗaki-ɗaki

Akwai hanyoyi biyu na auna ragin hayaƙi, kuma bambancinsu ba ƙarami ba ne.

Ana iya auna jimlar tan nawa kamfani ya fitar a shekara. Ana kuma iya auna abin da kowane ɗaki, ko kowane murabba'in mita na gini, ya fitar.

A ɗauka, alal misali, kamfani na da ɗakuna 100, kowanne na fitar da tan 5 a shekara, jimla tan 500. Ya yi gyare-gyare har kowane ɗaki ya koma tan 4, amma a lokacin ya ƙara gini ɗakunan sun zama 150. A ma'auni na biyu ya rage kashi 20 cikin ɗari, a na farko kuwa ya ƙara kashi 20, domin jimlar ta zama tan 600.

Irin halin da IHG ya sami kansa a ciki ke nan. Kamfanin ya ce makamashin da kowane ɗaki ke ci da hayaƙin da yake fitarwa duka sun ragu tun 2019, amma alƙawarin da ya ɗauka na jimla ne.

Abokan gogayyarsa sun bi wasu hanyoyin.

Hilton, wanda a 2018 ya zama babban kamfanin otal-otal na farko da SBTi ta amince da burinsa, yana auna nasa ne da murabba'in mita, kuma daga shekarar 2008. A 2022 ya ɗaga burin zuwa ragin kashi 75 cikin ɗari a otal-otal ɗin da yake gudanarwa, da kashi 56 a na hayar suna, zuwa 2030. Adadin ya fi na IHG girma a ido, sai dai yana da shekara 22 na yin aikin, kuma ma'aunin ba ya hukunta shi saboda ƙara gini.

Marriott, wanda ya fi kowane kamfanin otal-otal yawan ɗakuna a duniya, ya sami amincewar SBTi a 2024. Ya ɗauki ma'aunin jimla daga 2019, amma ya raba shi biyu: kashi 46.2 a rukuni na ɗaya da na biyu, sai kashi 27.5 a wasu sassan rukuni na uku, ciki har da otal-otal na hayar suna. Ya kuma yi alƙawarin kaiwa matakin da hayaƙin da yake fitarwa bai wuce wanda ake janyewa ba zuwa 2050.

IHG shi ya ɗora kashi 46 ɗin a kan duka, har da gine-ginen da ba shi ke biyan kuɗin wutarsu ba. Ana iya cewa ya ɗauki kayan da ya fi na sauran nauyi, kuma ba laifi a yaba masa da ya fito fili ya faɗi inda ya tsaya. Amma sararin samaniya jimla yake karɓa, kuma a nan babu abin da za a ce sai dai hayaƙin ya ƙaru.

Abin da ake yi

Kamfanin na da wata manhaja mai suna Green Engage, inda otal-otal ke shigar da adadin wuta da ruwa da sharar da suka yi amfani da su ko suka fitar. Ingancin lissafin ya dogara ne ga yadda dubban manajoji suka cike ta.

Akwai gyare-gyare masu sauƙi da ke mayar da kuɗinsu cikin ɗan lokaci, kamar sauya fitilu, da kan famfon wanka mai rage zubar ruwa, da na'urar da ke sassauta sanyi idan baƙo ya fita daga ɗaki. Masu gine-gine ba sa jayayya da waɗannan tunda kuɗin wuta suke rage musu.

Babban aikin shi ne raba otal da gas da mai baki ɗaya. Wannan na buƙatar sauya tukunyar dafa ruwa da na'urar lantarki mai janyo zafi daga iskar waje, da mayar da kicin ya koma girki da lantarki, wani lokaci har da sake wayoyin ginin duka. Aiki ne mai tsada, ba kasafai ake yinsa ba sai lokacin babban kwaskwarima, kuma amfaninsa ragagge ne idan wutar da za a koma gare ta daga kwal take.

A 2024 kamfanin ya ƙaddamar da wani shiri na otal-otal masu ƙarancin hayaƙi, waɗanda ba sa ƙona mai ko gas a harabarsu in ban da janaretan ko-ta-kwana, kuma suna amfani da makamashi mai sabuntawa. Ya fara ne da otal uku a Turai, ciki har da na Holiday Inn Express da ke kusa da filin jirgin saman Madrid da wani na Kimpton a Budapest. Uku daga cikin sama da 6,600.

Abin da baƙi suka fi gani da idonsu shi ne batun ƙananan kwalaben sabulu da man wanke gashi. A 2019 IHG ya sanar da cewa zai daina ajiye su, ya koma manyan mazubai, yana mai cewa kimanin miliyan 200 ake amfani da su a otal-otal ɗinsa kowace shekara. Matakin ya rage sharar roba, amma bai taɓa wuta da gas ba, inda mafi yawan hayaƙin yake.

Matsin lamba mafi ƙarfi ba daga masu yawon buɗe ido yake zuwa ba, daga manyan kamfanonin da ke kama wa ma'aikatansu ɗakuna ne. Tafiye-tafiyen aiki na shiga cikin lissafin hayaƙin waɗannan kamfanoni, don haka sukan tambayi otal kilo nawa na kabon kwana ɗaya ke fitarwa. Saboda wannan buƙata ne manyan kamfanonin otal-otal 23 suka haɗu da majalisar harkar tafiye-tafiye da yawon buɗe ido ta duniya suka fitar da tsarin lissafi na bai ɗaya a 2012.

Abin da lissafin bai ƙunsa ba

An ƙiyasta cewa otal-otal na fitar da kimanin kashi 1 cikin ɗari na hayaƙin duniya. Wani nazari da ƙungiyar manyan kamfanonin otal-otal ta wallafa a 2017 ya ce idan aka yi la'akari da yadda harkar ke bunƙasa, sai kowane ɗaki ya rage hayaƙinsa da kashi 66 cikin ɗari zuwa 2030, da kashi 90 zuwa 2050, bisa ga na 2010.

Amma otal ɓangare ne kawai na tafiya. Wani bincike da masana a Jami'ar Sydney ta Ostireliya suka jagoranta, wanda aka buga a 2018, ya gano cewa harkar yawon buɗe ido baki ɗayanta ce ke da alhakin kimanin kashi 8 cikin ɗari na hayaƙin duniya, kuma sufuri ne ke kan gaba.

Alƙawarin IHG na kashi 46 bai haɗa da jirgin da ya kawo baƙo ba. Haka nan bai haɗa da siminti da ƙarfen da aka gina otal ɗin da su ba, ko naman da ake ci a ɗakin cin abinci. Ga baƙon da ya ƙetare teku, hayaƙin kujerarsa a jirgi kan zarce na kwanakin da ya yi a otal nesa ba kusa ba.

Sai a baya-bayan nan ne tarukan sauyin yanayi suka waiwayi harkar sosai. A taron Glasgow na 2021 an fitar da sanarwa kan yawon buɗe ido da sauyin yanayi, a taron Baku na 2024 kuma aka ware mata rana guda a karon farko, inda ƙasashe fiye da 50 suka amince da wata sanarwar.

Shekarar 2024 ɗin ce kuma ta farko da matsakaicin zafin duniya na tsawon shekara guda ya haura digiri 1.5 da aka ambata a Paris, inji hukumar kula da yanayi ta duniya, ko da yake ana auna burin yarjejeniyar ne da matsakaicin shekaru masu yawa.

A ƙa'idar SBTi, dole kowane kamfani ya sake duba burinsa aƙalla sau ɗaya cikin shekara 5. Tunda a 2021 aka amince da na IHG, wa'adinsa ya faɗa ne a 2026.